Ranar da Aka Ƙirga Gidan Kanya Mutum Ɗaya

Har gobe ba zan manta da ranar da aka aike ni Gidan Kanya da sakamakon jin ra'ayin jama'a ba. Ni masinja ne a sashen yaɗa labarai na ƙaramar hukuma, aikina kai takarda da liƙa sanarwa.

Ciyaman ne ya dawo daga wani taro da sabon salo, wai yanzu talaka zai zaɓi aikin da za a yi masa. Aka buɗe shafi a soshiyal midiya, aka sa abu biyu: ko kwalbati a rafin Gidan Kanya, ko fitilun titi a gaban sakateriya. Mako guda, wanda aka fi dangwala wa shi za a yi. Rafin nan kuwa in ya kawo da damina, babur ba ya haye shi. Masara ba ta kai kasuwar Bakori, mara lafiya sai dai a goya shi.

Ni na kai wa mai unguwarsu, Malam Iro, sanarwa. Bayin Allah suka ɗauki abin da gaske. Bayan sallar Juma'a aka zauna a ƙofar gidansa, manoma da Fulanin ruga, mata ma aka aika cikin gida aka ji nasu. Kwana uku ana gardamar inda za a sa kwalbatin don kada ruwa ya koma gonar wani. Da baki ya zo ɗaya, sai suka yi yadda suka saba, suka tsayar da wakili. Hedimasta ya hau tudun da ake samun sabis, ya dangwala sau ɗaya da sunan gari.

A cikin gari kuwa, 'yan zaman shayi masu waya bibbiyu suka yi ta dangwala wa fitila. Da sakamako ya fito, fitila ce ta ci, kwalbati kuwa ƙuri'a ɗaya tak.

Na sami ogana, jami'in yaɗa labarai, na ce yallaɓai, ɗayan nan gari ne sukutum, da idona na ga zaman. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce na'ura ba ta san zama ba, kuma ni da ban gama sakandare ba, me na sani a dimokuraɗiyya? Ya miƙo mini takardar godiya mai hatimi in kai musu.

Malam Iro ya sa na karanta masa sau biyu, sannan ya ce, "Malam Sani, mu duka ɗin nan, mutum ɗaya aka rubuta?"

Na ce haka ne, Baba. Ya ninke takardar, ya sa aka kawo mini fura.

An kafa fitila, an ɗauki hoto, an sa a shafi. Ku da kuka shigo aiki yanzu, ku sani, ofis ɗin nan yana tambaya ne don a ga ya tambaya, ba don ya ji ba. Har yau in na kai sanarwa Gidan Kanya da damina, a bakin rafi nake jingine babur in naɗe wando. Suna gaishe ni da mutunci, amma ba wanda ya ƙara shimfiɗa tabarma don ya saurare ni.