Kunyar da Ta Ci Bayan Tsohuwa

Har yau akwai gidajen biki a Ƙofar Durbi da in na shiga sai a bi ni da kallo, wai ga matar da ta kori yarinya daga aiki don tana da kunya. To, ni ce ɗin, kuma ban yi nadama ba.

Lokacin ina shugabar ma'aikatan jinya a wani ƙaramin asibitin kuɗi. Aka kawo mana wata tsohuwa da ɓarin jikinta ya shanye. Irin wannan sai an riƙa juya ta ana goge mata jiki, in ba haka ba bayanta ya ruɓe. Na damƙa ta a hannun wata mataimakiyarmu, amarya, mai ladabi kamar ta kwanta a taka. Kullum na tambaya, sai ta sunkuyar da kai ta ce an yi.

Wari ne ya tona asiri. Da na ɗaga zanen tsohuwar da kaina, sai ga gyambo a ƙugunta, faɗin tafin hannuna, har yana ruwa. Raina ya ɓaci. Na kira yarinyar zuwa ofis.

Da ƙyar ta ce, "Sista, yayar uwar mijina ce. Ya zan buɗe mata jiki?"

"To mi ya hana ki faɗa mani in sa wata?"

"Kunya na ji."

Nan take na ce ta ajiye rigar aiki ta tafi gida.

Washegari ga mijinta da kawunnanta. Aka sha gaisuwa har ta ishe ni, sannan aka ce a yi haƙuri, tarbiyya ce. Na ce ban hana kowa kunyar surukai ba, ni ma har tawa ta rasu ban taɓa kama sunanta ba. Amma tarbiyyar da ke cewa an yi alhali ba a yi ba, su tafi da abarsu.

Wadda ta fi ba ni wahala tsohuwar ce. Tana kife ina wanke mata ciwon, ta ce da karkataccen bakinta, "Ɗiyata, maido ta. Ko ta zo buɗe ni, ni ma ba ni yarda."

Tausayinta ya kama ni, amma na ce, "Inna, ba ke kaɗai za ki kwanta a gadon nan ba."

Na sake tsoma auduga a ruwan gishiri, na ce ta riƙe ƙarfen gadon da hannunta mai lafiya.