Kazar da Maɗori Ya Ɗaure

Ban taɓa shiga filin ƙwallo ba, ban kuma yi lakkol ba, wato makarantar boko, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Amma a bazarar da zan ba da labarinta na iya lissafin maki fiye da yadda na so, don a ƙofar gidana ake yin sa.

Jikana ɗan 'yata ta fari ne, wadda ta rasu ta bar shi yana wata bakwai. Ni na goye shi. Da ya girma sai wata ƙungiyar ƙwallo ta Yamai ta ɗauke shi. Kafin nan duk Filinge babu wanda ya damu da wannan ƙungiya, amma daga ranar da aka ji sunansa a rediyo sai kowa ya zama nata. Autana, wato kawunsa, shi ne kan gaba. Shi da abokansa suna da fada a gindin itacen bedi da ke ƙofar gida, inda suke dafa shayi daga la'asar zuwa magariba. Magidanta ne fa, masu 'ya'ya. Akwai wani mahauci a cikinsu da furfura ta fara cin gemunsa.

Abin da na fahimta daga surutunsu shi ne, ƙungiyar da ta ƙare a sama ita za ta hau jirgi ta je ta kara da na wasu ƙasashen Afirka. Tasu ce ta biyu, maki huɗu tsakaninta da ta farko, kuma saura wasa uku. Ana cikin haka ne wata Litinin motar Yamai ta sauke mini jikana da ƙafar hagu a naɗe.

Na ce masa, "Maigida, haka ake dawo wa mata? Ba turmin zane, sai ƙafa ɗaya?"

Ya yi dariya ya ce, "Kaka, targaɗe ne. Kwana uku in miƙe in sayo miki zanen."

Ban yi dariya ba, don ina kallon yadda yake ɗora ƙafar. Mai targaɗe yana taka ƙasa yana cije leɓe. Shi ko kusa da ƙasa ba ya yarda ta je. Washegari na aika aka ɗauko maɗorin da muka sani a wani ƙauyen Kurfai, tsoho wanda ya gaji ɗori wurin ubansa, shi ya ɗora hannun mijina shekarar da amalanke ya kife da shi. Ya zauna ya bi ƙafar da yatsa tun daga gwiwa, da ya kai saman idon sawu sai yaron ya yi ƙara.

Ya ce, "Wanga ba targaɗe ba ne. Ƙashi ya tsage. A kawo mini kazar gidan ga."

Haka al'adar ɗorinsu take. Ana karya ƙafar kaza, a ɗaure ta da irin karan da aka ɗaure majinyaci, a shafa musu magani ɗaya. Na kamo kazata wake-wake, mai ɗigo-ɗigon gashi, wadda ni na sa ƙwanta aka ƙyanƙyashe. Ya karya mata ta hagu, ya ɗaure su duka biyu. Sannan ya ɗaga murya yadda har na gindin bedi za su ji, ya ce, "Ranar da kazar ga ta taka ƙasa da kanta, shi ma shi taka. Kafin nan ko bayan gida za shi, a riƙe shi."

Sun ji. Ina da shaida sun ji, don autana ne ya raka shi har bakin hanya.

Asabar ta farko aka yi wasa babu jikana. Suka ci, waɗancan na sama kuma suka yi kunnen doki. Daga ranar ƙofar gidana ta koma allo. Sai su share ƙasa da tafin hannu, su ja layi da tsinke, su jera tsakuwa. Ina tsakar gida ina tankaɗe, ina jin su ta kan danga.

"Saura biyu! In mun ci na gaba, su suka faɗi, mun hau kansu ke nan."

"In sun ci fa?"

"Su ci wa? Mai tsaron gidansu iska ma kayar da shi take yi."

"Kai dai ka yi shiru, bara ma haka ka ce, muka ƙare na biyar."

"Bara ai alƙalin wasa ya sayar da mu. Ku tsaya ku ji. Ko sun ci, ko mun ci, na ƙarshe da su za mu yi. Nan ne maganar take. Kunnen doki ba shi da amfani gare mu, sai ci."

"To wa zai ci mana, ɗan namu yana kwance yana jiran kaza?"

Suka kwashe da dariya. Na ajiye rariya na saurara ko autana zai tsawata. Muryarsa ce ta fi ta kowa ƙarfi a dariyar.

Daga nan suka tsiro da zuwa gaisuwa. Kullum sai sun shigo, su ce wa yaron ya jiki, amma idonsu yana kan kwandon da na kife kazar da shi. Ba shi suke dubawa ba, ita suke dubawa. Wata rana na fito daga madafa na tarar mahaucin ya ɗaga kwandon, ya tsayar da ita yana tura ta da yatsa wai ta yi tafiya. Muciya ce a hannuna, da ita na sauke masa a bayan hannu.

Ya ce, "Haba Inna, motsa jini nake mata."

Na ce, "Je ka motsa na uwarka. In na sake ganin hannunka a kwandon nan, da wuƙarka zan yanke shi."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda suke maganar ƙafar. Sai ka ce bijimi suke tayawa a kasuwar Baleyara. Wannan ya ce ai rabin wasa kawai za ta yi. Wancan ya ce akwai allurar da ake yi musu, mutum ba ya jin komai har a tashi. Wani ya ce ko tsayuwa kawai ya yi a fili, masu tsaron bayan waɗancan za su rikice. Duk wannan a kunnen yaron, yana kwance a rumfa, danga ce kawai tsakaninsu. Wayarsa kuma ba ta hutawa, daga Yamai ana tambaya ko ya fara takawa.

Asabar ta biyu suka ci, waɗancan ma suka ci. Maki biyun na nan. Da yamma na kira autana ɗaki.

Na ce, "Ka kwashe mutanenka daga ƙofar gidana."

Ya ce, "Inna, ke ba ki gane ba. Irin wannan ba ta zuwa sau biyu. In suka fita waje, manyan ƙungiyoyi za su gan shi. Gidan nan da siminti za a sake shi. Don shi muke yi."

Na ce, "Da ƙafar wa za su gan shi?"

Ya ce, "Likitocin can sun ce targaɗe ne. Tsohon nan kaza kawai ya sani."

Na ce, "Hannun ubanka da ya ci da kai shekara ashirin, wa ya ɗora shi?"

Ya sunkuyar da kai ya fita. Na ɗauka ya ji. Wannan kuskurena ne, kuma har yau ina jin haushin kaina a kansa. Na haife shi, na san in ya yi shiru da wuri to bai bari ba.

Ranar Alhamis aka aiko mini ƙanwar mijina ta rasu a Bonkuku. Ba gaisuwar da ake aikawa ba ce, dole in je da kaina. Kafin in fita na duba kazar. Kwana goma sha bakwai ke nan, tana cin tsaba, tana shan ruwa, amma ƙafar a ɗage take, ba ta yarda ta sauke ta. Na damƙa wa surukata, matar autana, na ce ta kula da su biyun. Na kwana can.

Juma'a da hantsi na dawo. Tun daga zaure na ga rumfa babu kowa, tabarmar a naɗe. A tsakar gida kuwa ga wake-wake tana yawo da ƙafa biyu, da ɗaurin kara a ta hagu, tana tonon ƙasa kamar ba abin da ya taɓa samun ta. Surukata tana wanki, ba ta ɗago ba.

Autana ya fito yana washe baki. "Inna, albishirinki. Jiya bayan fitarki ta taka. Kowa ya gani. Shi ma ya taka, ya bi motar yamma."

Na yi kiran da nake yi wa kajina. Duk suka sheƙo, ita ko juyowa ba ta yi ba. Na sa aka kamo ta, na kwance karan, na bi ƙafar da yatsa. Sumul take. Ƙashin da ya karye ya haɗe yana barin ƙulli, ko yaro ya san wannan. Na dubi surukata. Sai ta fashe da kuka, ta nuna mini tsohon rumbun da babu hatsi a ciki. Na leƙa. Ga kazata a ƙasan rumbu cikin zafin nan, baki buɗe don ƙishirwa, ƙafar a ɗage yadda na bar ta. Waccan a kasuwa suka nemo mai kama da ita, mahaucin ne ya ɗaura mata karan.

Na ce wa autana, "Kira shi yanzu."

Ya danna waya ya kai kunne, ya ce wai babu rezo, kiran ba ya shiga. Na karɓa na kai wa maƙwabciyata ta kira. Wayar yaron a kashe take, an ce haka ake yi musu in wasa ya matso. Na je tasha, motar Yamai ta riga ta tashi. Ta Asabar kuma na je tun da safe, ba ta cika ba har azahar, direban ya ce ya fasa.

Don haka a gindin bedi na ji wasan, ni da ban taɓa zama a wurin ba. Na kawo kujerata na ajiye a tsakiyarsu. Babu wanda ya iya miƙa mini shayi. Ba a sa jikana a wasan tun farko ba. Bayan hutu mai rediyo ya ambaci sunansa, suka yi ihu. Ko shayin da ke kan wuta bai tafasa ba mai rediyon ya ce ya faɗi, ba wanda ya taɓa shi, juyawa kawai ya yi. Ya ce an shigo da abin ɗaukar mutum. Can kusa da tashi wani yaro daban, wanda ban taɓa jin sunansa ba, ya jefa ƙwallo. Suka ci ɗaya da nema.

Wallahi sun yi tsalle. Ina zaune a wurin, sun san abin da aka ɗauke daga fili, suka yi tsalle. Mahaucin har da rungumar rediyo. Cikin gari babura suka fara hon. Na tashi na ɗauki butar shayin na juye ta a kan garwashin, na dubi autana na ce gobe da shi za mu Yamai, kuma in ya yi mini maganar mota bai san inda zai kwana ba.

A asibiti na tarar da yaron an rataye ƙafar. Ƙashin da ya tsage ya karye biyu, ya fasa fata, sai da aka sa ƙarfe. Na bar kawunsa a waje. Na zauna a bakin gadon na ce, "Sun cuce ka. Kazar da suka nuna maka ba tawa ba ce."

Ya kalli silin. Sannan ya ce, "Na sani, Kaka. A gidanki na tashi, zan kasa gane kazarki?"

Na ce, "To don mi?"

Ya ce, "Kwana goma sha bakwai ina jin su ta danga. In ban je ba aka faɗi, a garin nan da wane ido zan bi titi?"

Na so in mare shi. Hannuna har ya ɗaga, sai na gyara masa mayafi da shi.

Ƙungiyar ta hau jirginta bayan damina, babu shi. Bai sake buga ƙwallo ba. Yana tafiya, amma ƙafar ta gajarce, kuma ba ta jure tsayuwar yini a gona. Uwarsa tana da gona a arewacin gari wadda ta zama tasa. Na tara dangi na faɗa a gabansu cewa muddin ina numfashi autana ne zai nome ta, daga shuka har ɗaurin dami, kafin ya taɓa tasa, kuma ko zangarniya ɗaya ba ta shiga rumbunsa. Yayyensa ba su musa ba. Bana damina ta uku ke nan. Ranar noma nakan ɗauki tabarmata in je in zauna a bakin gonar, in autana ya kai ƙarshe in tashi in bi bayansa, inda ya bar ciyawa in kira shi ya dawo.