Ƙarfen da Baba Iro Ya Ajiye Min

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ɗaure lodin burodi a kariyar keke aka ce min Baba Iro mai gyaran keke ya rasu.

Na ce wane Iron? Aka ce na gindin dalbejiya, nan bakin tashar Kankara, akwai wani ne?

An kai shi kafin azahar. Burodin yau bai je Mabai ba.

Ba zan ce mutum ne mai fara'a ba, kada waɗanda suka san shi su ƙaryata ni a kwament. Faɗa gare shi. Ka kawo masa keke da laka, sai ya ce ka je ka yi masa wanka tukuna. Amma famfonsa na kowa ne, ruwan randarsa ma haka, kuma in ka bar keke a rana ka dawo za ka tarar ya ja shi inuwa, yana mita.

Wanda ya san ni ya san ƙafata ta hagu. Na faɗo daga kan amalanke shekarun baya, maɗori ya yi iya nasa, gwiwar ta warke tana buɗewa waje. In na hau keke yadda aka ƙera shi, kafin in kai rabin hanya gwiwar ta ɗau wuta. Ni kuwa da keken nan nake ci da iyalina.

A ƙasan keke, a tsakiya, akwai ƙarfen da hannuwan feda biyu ke ɗaure a bakinsa, kanikawa na ce masa aksul. Na fara zuwa wajen wani, ya ce abu mai sauƙi, a sa dogo ƙafa ta samu fili. Mu dai kun san mu, in aka ajiye dogo da gajere dogon muke ɗauka, wai ya fi ƙarfe. Gwiwa ta ji daɗi. Sai dai farantin sarƙa ya fito waje, sarƙar ta karkace, duk ramin da na faɗa sai ta sauka.

Hanyar Mabai kuwa yanzu ba wurin da mutum zai tsuguna shi kaɗai yana mayar da sarƙa ba ne. Ba sai na yi bayani ba.

Haka na kai wa Baba Iro. Bai ko taɓa sufana ba. Ya ce, "Hau ka tahi, in gan ka ta baya."

Na hau, ya tsuguna a tsakiyar hanya yana kallo, masu babur suna yi masa hon. Na juyo, ya ce in sake.

Sannan ya ce, "Mai burodi, dama ta sarƙa ce, ba a taɓa mata. Hagu ce taka."

Ya jawo wani tsohon daro cike da ƙarafa ya shiga tono. Ya sa wannan, hannun feda ya daki firam, ya cire. Ya sa wancan, sarƙa ta karkace, ya cire. Na ce Baba rana na yi. Ya ce, "In sauri kake, ga ƙafa nan Allah ya ba ka."

Wanda ya samo daga ƙarshe, ɓangaren damansa daidai yake da na asali, na hagun ya fi da kamar kaurin yatsa. Tun ranar sarƙa ba ta sake sauka ba, gwiwa ma ta yi shiru.

Ganina da shi na ƙarshe Asabar ɗin da ta wuce ne. Feda ta fara ƙas-ƙas, na kai masa. Ya girgiza ta da hannu ya ce, "Ƙarhen ya ci. Na aje maka ɗan'uwanshi tun bara, shina cikin daro. Ka zo bayan Juma'a. Kuma ka wanke keken."

Yau Alhamis.

Bayan mun dawo daga maƙabarta na yi wa babban ɗansa, Malam Sani, gaisuwa. Tela ne a Funtua, bai gaji sana'ar ba. Ya ce bayan bakwai 'yan gwangwan za su kwashe kayan rumfar. Da kunya da komai na faɗa masa zancen, ya ce in je in duba.

Na juye daron. Baba bai ɗaura wa ƙarfen nawa tsumma ba, bai yi masa alama ba, don shi bai buƙata. A idona duk iri ɗaya ne.

Wani ya ce a kwance nawa a gwada da su. Gaskiya ne. Sai dai nawa ya ci, in aka buge shi ya fita ba lalle ya koma ba, in kuma ba a dace da ɗan'uwan ba, na zauna a gida kenan. Gobe da shi zan tafi Mabai, yana ƙas-ƙas ɗinsa.

Allah ya jiƙan Baba Iro, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya ba Malam Sani da 'yan'uwansa haƙuri. Duk wanda ya karanta, ko bai taɓa hawa keke ba, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni ma ku sa ni, Allah ya kai ni ya dawo da ni lafiya.