Ruwan Baƙi a Gidan Inna Suwaibatu

Duk Unguwar Gide, wani ƙauye a gefen Ketare, babu mai randa irin ta Inna Suwaibatu, matar mai unguwa Malam Nata'ala. Tun tana amarya ta iya ruwa yadda wasu mata suka iya tuwo. Ta tace da farin ƙyalle, ta jefa alif, ta bari ya kwanta, ta turara randa. Baƙo bai taɓa ganin ƙasa a gindin kwanonta ba. Da wannan aka san ta, da kuma faɗa.

Rijiyar garin kuwa kowace shekara sai an ƙara wa gugarta igiya. Bana tun kafin bazara rijiyar ta koma caɓi. Mata suka koma rafi can bakin daji, su tone yashi su jira ruwa ya tsatso, kunnensu na sauraron ƙarar baburan 'yan bindiga. Mansura, surukar Inna, na cikinsu, da tsohon ciki.

Sai ga ma'aikatan ruwa suna zaga ƙauyuka, ana tsara inda za a haƙa rijiyar burtsatse. Da suka sauka a zauren mai unguwa, Inna ta buɗe randarta ta aika da ruwan da Mansura ta ɗauko daga rafi, ta laɓe bayan zana tana ji.

"Can Kudu teku ke hawa yana zuba gishiri a rijiyoyi," in ji shugabansu, wani Malam Abdulgafar. "Nan kuma ruwa ƙasa yake gudu. Shi ya sa muke shiri tun yanzu." Ya sha, ya duba cikin kwanon. "To ai ku naku garau yake, Baba."

Malam Nata'ala bai taɓa kuka gaban baƙo ba. Ya ce, "Alhamdulillahi, mun gode Allah."

Ko rijiyar ba su leƙa ba, suna saurin barin hanya kafin la'asar. Bayan wani lokaci motar haƙa ta ratsa ta gaban gidan, ta wuce ƙauyen gaba.

"Malam, mi ka ce masu?" in ji Inna, ta tare ƙofar ɗaki.

"Ke Suwaiba, godiya na yi wa Allah. Laifi ne?"

"Allah Ya san halin da muke ciki. Su ne ba su sani ba, ka kuma rufe baki."

"To wa ya ba su ruwan?"

"In ba baƙo taɓo? A gidana?" in ji Inna. "Su kuma mutanen ga, da kwano ake auna gari? Yarinyar ga da cikinta take kwasar hanyar daji, kai kana zaure kana alhamdulillahi."

Ranar ba a ɗora tukunya da wuri ba.

Da ma'aikatan suka dawo duba aikin ƙauyen gaba, suka tsaya gaida mai unguwa. Malam ya leƙo ya ce a kawo ruwa. Inna ta dubi randarta. Ta ɗauki guga ta nufi rijiya, ta jawo abin da ya samu, ta juye a kwanon baƙi mai murfi. Da kanta ta kai zaure, abin da ba ta taɓa yi ba.

Abdulgafar ya buɗe. Ruwan ja ne, mai kauri kamar kunu, da ƙwaro a sama.

"Inna, wannan fa?"

"Ruwanmu ne, ɗana. Wancan na baƙi ne. Bismilla."

Malam Nata'ala ya sunkuyar da kai. Ita ma kunyar na cin ta har ƙashi, amma ba ta ɗauke kwanon ba.

"Ina rijiyar take?" in ji Abdulgafar.

"Tashi mu je. Daga nan mu wuce rafi, ka ga inda surukata take yanzu. Ka bar motar, mu a ƙasa muke zuwa."