Na Sayi Gida da Takaba a Ciki

Ni malamin firamare ne, ko akurkin kaji ban taɓa saye ba. Amma da na ji banki zai yi gwanjon wani gida a hanyar Yankara, sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Mai gidan ya ci bashin taki, gonarsa tana cikin dajin da ba ya shiguwa saboda 'yan bindiga, banki ya karɓe gidan. Ɗakuna ne manya masu daɓen siminti, irin waɗanda 'yan hatsi ke rububi da kaka su jibge masara, su biya hayar shekara a dunƙule.

Albashina ko ƙyauren gidan ba zai saya ba. Sai na jinginar da gonar mahaifina ta Daudawa ga wani Alhaji dillalin hatsi, a kan in fanshe ta kafin ruwan shuka, in ba haka ba ta zama tasa. Matata ta ce tafiyata ma ta canza tun ban ga makulli ba.

Na ci gwanjon, ana fara karyar masara aka ba ni takardun gidan. Na nufi gidan da sabon kwaɗo a aljihu, sai na tarar da tabarmi a ƙofa, ana zaman makoki. Mai gidan ya rasu. Na zauna aka yi addu'a da ni, kwaɗon yana tokare mini cinya.

Matarsa ta shiga takaba, kuma mai takaba a ɗakin mijinta take yi. Daga bayan labule ta ce, "Malam, mun san gidanga naka ne. Ka yi mani haƙuri in hita takaba."

Na ce, "Ba komi, Hajiya." To me zan ce?

Ma'aikacin banki ya ce doka tana bayana, in kira 'yan sanda. A garin da nake bin sahun sallah? Na roƙi Alhaji ya ɗaga mini ƙafa, ya ce shi ma kuɗin mutane ne. 'Yan hatsi suka leƙo, suka kama ɗakuna wani wuri. Ina ji ina gani kaka ta wuce. Ban taɓa rasa dabara irin ta lokacin ba.

Da ta fita takaba babu mai neman wurin ajiya. Na nemi mai saye, kowa ya ce ba ya sayen hawayen marayu. Ita kuwa ta aiko mini da makulli da ƙwaryar fura ta godiya.

Da ruwa ya sauka na bi ta Daudawa a babur, na ga shanun Alhaji suna huɗa a gonar mahaifina. Mai garmar ya ɗaga mini hannu, ni ma na ɗaga masa.