Mota Mai Tukunyar Gas

A shekarun da aka fara shari'a a jihohinmu, ina aiki a Dutse, ina zaune ni kaɗai a ciki da falo da na kama haya. Matata ta rasu a damunar da ta gabata, mahaifiyata ta kwashe 'ya'yanmu biyu zuwa Taura. Saboda su na sayi mota, don in riƙa tafiya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in dawo Lahadi da la'asar.

Tsohuwar mota ce ta Turai da ta shigo ta Kwatano. A ramin da ake ajiye safaya a cikin but, na tarar da wata tukunyar ƙarfe a ɗaure. Dillalin ya ce a can ƙasar da ta fito an juya ta tana tafiya da gas irin na girki, amma kada in damu, tana shan fetur lafiya lau. Tukunyar wayam take, kuma ban san inda zan cika ta ba a duk faɗin Jigawa. Na bar ta yadda na same ta.

Ciwon motar ya fara ne a hanyar Jahun. Rana ta take, ina tafe, sai injin ya yi tari ya mutu. Na gangara gefen titi, na murɗa makulli, yana juyawa amma ya ƙi kamawa. Na zauna a inuwar wata tsamiya ina kallon gonakin gero, babu mai wucewa sai wani makiyayi da ya yi mini sannu daga nesa. Can da na gaji na sake gwadawa, sai ta tashi kamar ba ita ba.

Haka ta riƙa yi mini. Wani makon lafiya, wani makon ta ajiye ni a daji. Na zaga kanikawan Dutse. Wannan ya canza fulogi, wancan ya ce famfon fetur ne, wani ya wanke tanki ya ɗora wa 'yan bumburutu laifi. A gabansu kuwa ba ta taɓa ko da tari ba. Wata rana a ofis ina ba da labari, sai abokin aikina ya dafa kafaɗata ya ce, "Anya ba tunani ne ya yi maka yawa ba? Tun rasuwar nan ba ka dawo daidai ba." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma daga ranar na daina zancen motar da kowa. In na koma ɗaki, babu wanda zan ce wa yau ma ta tsaya.

Daga baya aka nuna mini wani mai gyaran wutar mota, mutumin kudu, da ya daɗe a garin har Hausa ta zauna a bakinsa. Oga kowa ke ce masa. Da jita-jitar rikici ta yi yawa a lokacin shari'a, ya tura matarsa da 'yarsa gida, shi ya tsaya saboda rumfarsa. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba.

"Na yarda da kai, Malam," in ji shi. "Irin wannan ba a kama shi a gareji. Ranar da za ka yi tafiya, ka biyo ta nan."

Ranar Juma'a ya rufe rumfa ya shigo gaba, da mitar awon wuta a cinyarsa da jarkar ruwa a ƙafarsa. Har muka isa Taura motar ba ta yi komai ba. Kunya ta kama ni, shi ko a jikinsa. Mahaifiyata ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta aiko masa da dambu. Ƙaramar 'yata ta tsaya tana leƙensa, ya daɗe yana kallonta kafin ya ce tasa ma kamar haka take. Da yamma ya hau motar haya ya koma.

Mako na gaba ma ya biyo ni. A hanya ne ya ce mini tun da iyalinsa suka tafi a tsaye yake cin abinci, don zama gaban kwano shi kaɗai ya fi yunwar ciwo. Na ce ni rediyo nake kunnawa in na zo ci. Muka yi dariya kaɗan. Mun wuce Kiyawa ke nan motar ta mutu.

Ban taɓa murna da lalacewar mota ba sai ran nan. "Ka gani ko, Oga? Ka gani?"

"Na gani. Buɗe bonet da sauri kafin ta huce."

Ya zare wayar fulogi ya ce in murɗa makulli, babu wuta. Ya nuna mini wani ɗan abu baƙi a gindin injin, ya ce sensa ce, ita ke gaya wa ƙwaƙwalwar motar cewa injin na juyawa, in ta yi shiru sai a yanke wuta da fetur gaba ɗaya. Ya kwara mata ruwa, na murɗa, ta tashi. Muka ce mun kama ɓarawo. Ya sa aka kawo wata daga Kano ya ɗaura.

Ba a jima ba ta sake ajiye ni, a wani wuri mai ramuka kusa da Gujungu. Da na koma masa, ya riƙe kai ya ce, "Laifina ne, na yi gaggawa." Ya bar injin na aiki a rana har ya yi zafi sosai, sannan ya bi wayoyin da yatsa yana girgiza su ɗaya bayan ɗaya. Da ya taɓa wani ƙulli da aka naɗe da baƙin salatif a bayan injin, sai ta mutu nan take. Ya warware. Ashe masu haɗa gas a can Turai sun fere wayar sensar sun ɗaura tasu a kai, mahaɗin ya yi tsatsa. In zafi da girgiza suka haɗu sai ya saki, in ya huce ya koma ya kama. Ruwan da ya kwara ran nan har kan ƙullin ya gangara, shi ya ruɗe mu. Ya cire wayoyin gas ɗin kakaf, ya liƙe ta asalin da dalma.

Ba ta ƙara tsayawa ba. Sai dai Juma'ar da ta biyo baya, da na zo daidai rumfarsa, na rage gudu, sannan na tuna ba ni da dalilin ɗaukarsa. Na ɗaga masa hannu, ya ɗaga mini, na wuce. Nakan ce zan gayyace shi haka kawai mu je Taura, amma nauyin baki ya hana ni.

Bayan girbi na biya in gaishe shi, na tarar da mai faci a rumfar. Ya ce Oga ya sayar da kayan aikinsa ya bi iyalinsa. Na tambayi sunan garinsu, babu wanda ya sani a layin. Na ɗan tsaya a bakin titi, sannan na shiga mota na kama hanyar Taura, don yara na jira.