An Ce Na Zama Makaɗi da Furfurata

Tun da ɗana ya ajiye ni a unguwar Pleasant Garden a nan ƙasar waje nake cewa gidan nan ko ihu ka yi, maƙwabci ba zai ji ba. Ba a saurare ni ba. Korona ta zo, aka rufe masallaci, ɗan nawa kuma aikin asibiti ya hana shi zuwa wurina.

Ana cikin kullen aka fito da gawar tsohon da ke tsallaken titi. Wari ne ya sa aka gane. Tun ranar, in tari ya kama ni sai in bar ƙofa a buɗe.

Shi ya sa na shiga cikin wasu tsofaffi masu kaɗa ukulele, 'yar jita kamar gurmi. A kan ciyawa suke zama, kujeru nesa-nesa. Har yau ban iya ba. Amma ranar da ban je ba, sai ga biyunsu da takunkumi suna buga mini taga.

Jiya Alhaji Sani na masallacinmu ya kira ni.

"Malam Idi, an ce ka zama makaɗi? Da furfurarka?"

"Alhaji, wa ya ba ka lambata?"

"Ai tuntuni ina da ita."

"Tuntuni?"

Ashe yana da ita, amma bai taɓa kira ya ji lafiyata ba.

Masu ukulelen nan za su gane in na mutu, amma ba su san wankan gawa da sallar jana'iza ba. Abin da ke tsorata ni ke nan. In na ajiye ukulelen, wa zai riƙa leƙo ni a cikinku, 'yan masallacinmu? Kar a ce mini "Allah ya kyauta" a wuce. Mutum ɗaya ya fito ya ce shi ne.